Mustafa Alasan na Tawa: sana'a goma ya yi, ko ɗaya ce ta riƙa sauya riga?

Ɗan Bilbis: Salamu alaikum ƴan zaure. Ina da magana, ina roƙon manya su sa baki. Ni zanen allunan shaguna nake yi nan Tawa, shekara shida ke nan. Bara na fara ɗaukar bidiyon biki da salula, bana kuma zuciyata ta koma ga zane mai motsi, irin wanda yara ke kallo a tele. Mahaifina ya zaunar da ni ya ce in tsaya ga abu guda, mai bin hanya biyu wandonsa ke yagewa. Maganarsa ta tsaya mini a rai. Da na kai kukana ga wani dattijo, sai ya ce in bincika labarin Mustafa Alasan, wanda ya zauna garin nan. Kunya ta kama ni, don sunan kawai na sani. Wane ne ya san shi da gaske? Ya amfana da yawan sauya hannu, ko ya yi asara?

Mushe Mai Ritaya: Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi tambaya mai kyau, kuma ba kai kaɗai ke da wannan kunya ba, mu da muka koyar da ku lakwal ba mu faɗa muku ba. Mai shirya fim ne, in za ka neme shi a intanet rubuta Moustapha Alassane. An haife shi 1942 a N'Dunga, kusa da Yamai, ya rasu watan Maris na 2015 a Wagadugu. Tun yana yaro, kafin ya taɓa riƙe kyamara, yake yanka kwali siffar mutane da dabbobi, ya kunna fitila a baya, inuwa ta faɗa bisa ƙyalle, yara su taru su kalla. Ya yi makanikanci. Zane ne ya kai shi cibiyar binciken nan ta Yamai da ake kira IFAN lokacin, wadda ta zama IRSH daga baya, can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim a bakin Kwara. Rouch ya taimaka masa ya tafi Kanada, inda ya koyi zane mai motsi wajen Norman McLaren. A 1962, yana da shekara ashirin, ya fitar da Aouré, kan aure a ƙauyen Zabarmawa, da La Bague du roi Koda, tatsuniyar sarki da masunci da zobe. Daga nan fa bai zauna ba.

Hajiya ta Yamai: Mushe, rashin zaman nan shi ne abin da nake ƙorafi a kai. Ni na ga F.V.V.A. ina budurwa, kuma har yau ban ga fim ɗin da ya kwance wa ma'aikatan gwamnati zane a kasuwa kamarsa ba. Mace, gida, mota, kuɗi, ma'anar haruffan ke nan da Faransanci, abu huɗun da yaro ke gudu a kansu da ya samu albashi, har ya sa hannu inda bai kamata ba. 1972 ne, amma ka ce jiya aka yi shi a Yamai. Mutumin da ya iya wannan, mi ya kai shi komawa wasa da ƴan tsana da kwaɗi? Da ya tsaya nan ya ba mu irinsa guda goma, da sunansa na bakin kowa. Ɗan Bilbis, ka ji maganar mahaifinka, ɗana. Babba ba ya faɗin banza.

Baba Makaniki: Hajiya, ki yi mini haƙuri, wagga magana ban yarda da ita ba. Ni shekara arba'in ina cikin gareji nan Tawa, kuma na san otel ɗinai, na ga ɗakunan da yam maida wurin aiki. Wanda yag ga wurin nan ba shi cewa wasa a kai. Waya, katako, ƙyalle, fitilu, komi da wurinai. Ku masu karatu kuna cewa makanikanci ya yi "kahin" shi zama mai fim, awa wani abu na da yaj jefar. Bai jefar ba. Mutum shi ɗora ƴat tsana ta tsaya da ƙahwa ɗaya ba ta hwaɗi ba, shi san inda za shi sa gaɓa don hannu shi lanƙwashe, kyamara ta lalace shi buɗe ta da kainai ba shi jira a kai ta Faransa ba, wanga duk aikin mai sufana ne. In da bai sha baƙin mai ba, da rabin abin da yay yi bai yiwu ba.

Ɗan Bilbis: Baba, Allah shi ƙara girma. Wato kana nufin babu abin da ya bari a baya?

Baba Makaniki: Shi na nika nuhi, ɗana.

Ƴar Jami'a: Ina gaida iyayena. Hajiya, Inna, akwai abu guda da nake son in gyara cikin ladabi. Ba wai ya yi fim na mutane ya gama, sannan ya sauko ga zane ba. Tare suka tashi. La Mort de Gandji, na kwaɗi, ya fito 1965, ya kuma samu kyauta a babban bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A 1966 ɗin nan ya fitar da Bon voyage Sim, shi ma zane ne, kwaɗo shugaban ƙasa za shi ziyara maƙwabciyar ƙasa, ga jirgi, ga faretin soja, ga taron tarba. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier da mutane da dawaki na gaske, saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi gari. To kin gani, kwaɗi sun riga F.V.V.A. da shekara bakwai. Hannu biyu yake aiki da su tun farko.

Hajiya ta Yamai: Na karɓi gyara, ɗiyata, ban san kwaɗin sun riga ba. Amma tambayata na nan. Dubi Umaru Ganda. Ya tsaya ga fim na mutane, ya yi Cabascabo, ya yi Wazzou, ya ɗauko babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, shi ne na farko da ya ɗauke ta. Ya rasu tun 1981, amma yau duk yaron Yamai ya san CCOG, gidan al'adun da ke ɗauke da sunansa. Mustafa ya rayu shekara talatin da huɗu bayan rasuwarsa, ga ɗan Tawa yana cewa sunansa kawai ya sani. Wannan ba hujja ba ce?

Mushe Mai Ritaya: Hujja ce, Hajiya, amma a kanmu take, ba a kansa ba. Yaron da ya san CCOG, tambaye shi ko ya taɓa kallon Cabascabo. Gini ya sani. Da an sa sunan Mustafa a wani gini da shi ma an san shi haka nan, sanin allo.

Bari in tsaya kan Sim kaɗan, don nan nake ganin amsar tambayarki take. Ki tuna 1966. Zamanin Diori Hamani ne, jam'iyya ɗaya, jam'iyyar adawa ta Sawaba an haramta ta tun 1959. Shugabannin sababbin ƙasashe suna ta ziyarar juna, jan kafet, tuta, jawabi, talaka na tafi a bakin hanya cikin rana. Wa zai ɗauki mutum mai jini a jika ya sa masa babbar riga ya mai da wannan abin dariya? Amma kwaɗo? Kowa ya yi dariya ya tafi gida, mai hankali kuma ya kwana da tunani. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu ba su taɓa cewa sarki azzalumi ne ba a gatana, zaki suke cewa, su sa gizo ya yi masa wayo. Mustafa ya ɗauki dabarar tsofaffin mata ta dare ya sa ta a majigi. A ganina akwai maganar da sai zane ke iya faɗinta, akwai wadda sai fuskar ɗan Adam. Shi ya san wace magana ke son wace riga.

Kawun Ƙonni: Mushe ka yi gaskiya kan gizo. Amma ku faɗi gaskiya duka. Ba rashin kuɗi ne ya kore shi daga manyan finafinai ba? Kowa ya san bayan shekarun 1970 sinimar Nijar ta durƙushe, gidajen kallo suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Ƴar Jami'a: Kawu, ba na musun wannan. Fim na mutane yana son ƴan wasa, mota, abinci, faifan ɗauka da ake sayowa waje, a kuma aika shi Turai a wanke. Wanda ba shi da mai ba shi kuɗi ba zai iya ba. Dubi Zalika Sule, wadda ta fito a fim ɗin kaboyin nan, tauraruwa ta farko a ƙasar nan, yadda rayuwa ta yi mata tsanani daga baya har Rahmatu Keita ta yi fim a kanta. Da yawa daga cikin mutanen wancan zamani, da kuɗi suka yanke, aikinsu ya tsaya. Shi nasa bai tsaya ba, kuma dalilin ke nan da nake ganin yawan hannun nasa ya cece shi. Mutum ɗaya da ɗaki ɗaya da fitila ya isa ya yi fim na ƴan tsana. Samba le grand ya fito 1977, ƴan tsana ne, mai launi. Da tsufa ya zo kuma, lokacin da sa'o'insa ke cewa kwamfuta ta yara ce, ya zauna nan Tawa ya koye ta yana zane da ita. Ko talauci ne ya tura shi, ai sai da ƙofa ta kasance a buɗe kafin ya shiga, kuma shi ya buɗe ta tun yana yaro.

Kawun Ƙonni: To, wannan na yarda. Tilas da zaɓi sun haɗu ke nan.

Mai Ɗinki ta Garkawa: Ni ba ni da ilimin fim, amma ƙanena ya nuna mini Kokoa a salula, na kokowar kwaɗi. Abin da idona ya kama daban ne da naku. Ƴan tsanan nan sai da aka yi musu jiki, aka yi musu sutura daidai su. Ɗinkin abu ƙarami ya fi na babba wuya, duk tela ya san haka, kuskuren da babbar riga ke ɓoyewa ƙarama tona shi take. Kuma filin, da masu kiɗa, da ƴan kallo, da yadda ɗan kokowa ke zagayawa kafin ya kama, wallahi wanda bai zauna filin kokowa ba ba zai iya ba. Na yi dariya har hawaye, amma na ga aiki.

Baba Makaniki: Madalla ɗiyata. Kuma ku tuna nan Tawa anka hwara kokowar takobi ta ƙasa, 1975, Kantu na Maraɗi yac ci. Mutum shi zamna garin ga, kokowa ta shiga aikinai, ba abin mamaki ba na.

Ɗan Bilbis: Yaya Ƴar Jami'a, yi mini bayanin yadda ƴar tsana ke motsi. Na ga ana yi amma ban gane sirrin ba.

Ƴar Jami'a: Babu sirri, ƙanena, sai haƙuri. Fim hotuna ne a jere, 24 cikin daƙiƙa ɗaya, ido ke haɗa su ya ga motsi. Mai ƴar tsana yana ɗaga hannunta kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero, ya ɗauki hoto ɗaya. Ya ƙara ɗagawa, ya ƙara ɗauka. Masu zane sukan rage wa kansu aiki su yi zane 12 a daƙiƙa, kowane a ɗauke shi sau biyu. Yi lissafi da kanka: minti biyar daƙiƙa 300 ne, sau 12, zane 3600 ke nan. Kuma zamanin faifai ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko shi. In wani ya taɓa fitila ko ya ture teburi a tsakiyar aiki, sai bayan makonni ka sani. Kai yau salularka na nuna maka nan take.

Ɗan Bilbis: Zane 3600! Ni allo ɗaya nake yini a kai.

Hajiya ta Yamai: Ka ji ko? Wannan shi ne tsoron mahaifinka, kuma tsorona. Ba ƙin fasaha muke ba. Na ga yara da yawa nan Yamai, yau ɗaukar hoto, gobe waƙa, jibi ɗinki, shekara talatin ta zo babu wanda suka iya har a biya su. Kowa ya ɗauki Mustafa ya ce ai shi ma haka ya yi. Ƙarya ne, ba haka ya yi ba. Ku da kanku kun ce ya zauna ya yi dubban zane don minti biyar. Wanda ke sauya sana'a don ta yi masa wuya daban, wanda ke ƙara sana'a don magana ta fi ƙarfin ta farko daban. Ni na sauko daga maganata ta farko, na yarda kwaɗin ba wasa ba ne. Amma kar a gaya wa yaro ya saki allunansa.

Mushe Mai Ritaya: Hajiya, nan kam mun haɗu. Kuma akwai fim ɗin da ban so a tashi ba a ambace shi ba, don ya fi kowanne taɓa mu mutanen Adar. Toula. Ya yi shi tare da wata Bajamushiya, Anna Soehring, daga labarin da Bubu Hama ya rubuta: ƙasa ta bushe, aka ce aljanin ruwa ba zai saki ruwa ba sai an ba shi budurwa, kuma ƴar gidan sarki ce abin ya faɗa wa. Ya fito daidai shekarun farin 1973 da 1974. Ni lokacin ina sabon malami a wani ƙauye arewa da nan. Na ga shanu sun zube bakin rijiya, na ga aji ya ragu rabi don iyaye sun kwashe yara sun yi kudu. Da na kalli Toula daga baya ban iya magana ba. Ku lura, wannan bai yi shi da kwaɗi ba. Yunwa ba ta son dariya, sai ya nemo fuskokin mutane da busasshiyar ƙasa ta gaske. Mutumin da ke da hanya ɗaya tak da ya tilasta wa labarin ya bi ta. Shi yana da zaɓi.

Kawun Ƙonni: Allah kar ya maimaita mana waɗannan shekaru.

Mai Ɗinki ta Garkawa: Amin. Mushe, gaskiya ne ya riƙa yawo da majigi ƙauyuka? Mahaifiyata tana ba mu labarin majigin da aka kawo musu, ban san ko nasa ba ne.

Mushe Mai Ritaya: Ya yi, ɗiyata. Ya sa injin majigi a mota yana kai wa mutanen da ba su taɓa shiga gidan sinima ba. Ko nasa ne mahaifiyarki ta gani, ita za ta fi mu sani, don akwai na gwamnati ma lokacin. Ya kuma shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai shekara 15. Ni wannan yawon majigin nake gani ya rufe zobe: yaron da ya tara yara gaban fitila da ƙyalle a N'Dunga, shi ne dattijon da ya tara ƙauye gaban farin bango. Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes a 2007, babban gidan adana fasaha na MoMA a Niyok ya nuna finafinansa a 2017, bayan rasuwarsa. Mu nan da ya zauna tsakaninmu, yaranmu sai a salula suke tsintarsa, in ma sun tsinta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ƴar Jami'a: Mushe, abin da za mu iya ba shi da tsada. Gajerun finafinan nan ba su buƙatar fassara mai yawa, yaro ɗan shekara biyar zai gane Kokoa. Majigi ɗaya, bango ɗaya. In na zo hutu zan iya kawo waɗanda na samu.

Baba Makaniki: Bangon garejina hwari na, kuma ina da janareto. Ku zo.

Hajiya ta Yamai: In za a yi, a sa F.V.V.A. don manya bayan yara sun tafi barci. Akwai waɗanda ya kamata su gani.

Ɗan Bilbis: Na gode iyayena, Allah shi bar zumunci. Ga abin da na yanke. Allunan ba zan bari ba, su ke ciyar da gida, kuma na gane hannun da ke ja layi a allo shi ne zai ja shi a takarda. Da dare zan fara da daƙiƙa goma kawai, zane 120, rago yana tunkuyar tulu. In na gama zan sa shi nan ku gani ku gyara mini, sannan in kai wa mahaifina. Baba Makaniki, ina son abin da zai riƙe salula ta kalli teburi daga sama ba ta motsa ko kaɗan. Ana iya haɗa shi?

Baba Makaniki: Ana iyawa. Ƙarhe ukku da kusa huɗu. Taho gobe bayan la'asar da salular, in auna ta.